Noman da Manasse Ya Yi wa Shafin Baba

Jama'ar gidan nan, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa in ba zan auri Manasse ba in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ajiye wayarki tukuna, ki ji abin da bawan Allahn nan ya yi mini a makon da ba na gida.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Jinƙai Kalebu, 'yar Madarumfa. Gidanmu yana bayan majami'a, in ka tsaya a ƙofa kana hango tabki. Sana'ata gina shafukan intanet. A Maraɗi na koya, kuma na iya. Ba na cikin masu sunkuyar da kai su ce ai ana dai taɓawa. Ina yi, yana kyau, duk wanda na yi wa aiki ya sani.

Babana mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, da ya yi ritaya ya koma garka: zogale, albasa, tumatir. Shi ne kuma sakataren ƙungiyar masu garka ta bakin tabki. Hawan jinin ido ya riƙa cin ganinsa a hankali, har bara waccan ya cinye gaba ɗaya. Nan aka fara ƙus-ƙus a ƙungiya, wai sakataren da ba ya gani me zai rubuta, me zai karanta? Shugaban ƙungiyar, Malam Sule, abokin Baba ne tun suna yara. Shinkafar Kirsimetinmu ba ta wuce shi, naman layyarsa ba ya wuce mu. Ya tare wa Baba iya ƙarfinsa, amma mutum ɗaya ba zai toshe bakin mutum talatin ba.

Shi ne na zauna na gina wa ƙungiyar shafi. Masu saye daga Maraɗi, Ɗan Issa, har Yamai, suna shiga su rubuta abin da suke so. Wayar Baba kuma tana da wata murya da ke karanta duk abin da ke fuskar waya da Faransanci. Yana shafa yatsa, tana faɗa masa. Ranar taro sai ya miƙe da abin sauraro a kunne ɗaya, ya jero wa jama'a wane yana son kaza, wance tana son kaza, babu mai karanta masa. Tun daga nan ƙus-ƙus ya mutu. Kujerar nan ita ce abin da ke tashin Baba da safe ya yi wanka ya sa hula.

Bari in ɗan koya muku sana'ata, don sai da ita za ku gane ɓarnar. Shafi yana da ƙashi, yana da tufafi. Ƙashin shi ne HTML, inda kake faɗin gaskiyar kowane abu: wannan kan magana ne, wannan sakin layi ne, wannan maɓalli ne, wannan hoto ne kuma ga abin da ke cikinsa. Tufafin shi ne CSS, fayil guda a gefe, shi ke cewa launi kaza, faɗi kaza, a babbar ordinatar, wato kwamfuta, ku jeru gefe da gefe, a ƙaramar waya ku hau kan juna. Muryar wayar Baba babu ruwanta da tufafi, ƙashin take bi. Shi ya sa ba na sakin shafi sai na kai shi ma'aunin ƙa'ida, wurin da ake duba kuskuren rubutu, ya nuna mini kore.

To, ga Manasse. Yana da sibar, wato shagon intanet, a Ɗan Issa kusa da duwan, ofishin kwastan, yana buga katin aure, kalanda da takardun 'yan kasuwa. Dogo, baƙi mai sheƙi, ga wushirya, ga ladabi. Tun Ista yake zuwa gidanmu. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, amma ba zan ɓoye muku ba, in na ji ƙarar motonsa, babur ɗin da yake zuwa a kai, nakan gyara ɗaurin kallabi. Mama kuwa ta riga ta gama ɗaura auren a zuciyarta, har ta zaɓi atamfar anko.

Yayata Loisa ta haihu a Maraɗi. Mama ba ta iya barin Baba, sai ni na tafi taya ta zaman jego na mako guda. Ina can ina wankin zannuwan jariri saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, na shirya miki bazata. Sai kin dawo 😊"

Na rubuta, "Wace iri?"

"Irin wadda ke sa a tsayar da rana 😎"

Na yi dariya na ajiye wayar. Na ɗauka takalmi ne ko agogo.

Ranar Alhamis ɗan kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar gida. Mama ta tarye ni da zanen Zumuntar Mata ta majami'armu, bakinta har kunne, ta karɓi jakata da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Baba yana zaune a tabarma ƙarƙashin itacen bedi. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mai jego da jariri. Amma idona ya tsaya a kan wayarsa. Tana kife a gefen tabarma, igiyar abin sauraron a nannaɗe. Wayar da ko abinci yake ci tana kunnensa.

Mama ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa.

"Surukinmu ya yi noma!"

"Wane suruki? Wane noma?"

"Ke dai da tsiwa! Manasse mana. Ke ba ki san al'ada ba?"

Na sani sarai. A wurinmu saurayin da ke neman 'yar mutum da gaske yakan tara abokansa su yi wa uban yarinya gayyar noma yini guda. Mijin Loisa ya yi a garkarmu har tafin hannunsa ya fashe. Baba ma ya yi wa kakana a Gabi. Amma Manasse ko hauya aka ba shi, sai ya tambayi ina ake kunna ta.

"Shi ne ni da uwarsa munka yi shawara," in ji Mama. "Munka ce yaron ga hauyarsa ordinatar ce. Gonar da babanki ya fi ji da ita kuma shafin ga ne. Ya zo ya durƙusa gaban babanki ya roƙi kalmar sirri, ya ce zai gyara mishi shi ya yi kyau. Ke, ki ga aiki! Har da zinariya!"

Ban ko cire takalmi ba na buɗe ordinatata.

Zan faɗi gaskiya, don ba na tauye wa mutum haƙƙinsa: ya yi kyau. Zare ruwan zinariya ya zagaye shafin, furanni a kusurwa huɗu, hoton tabki a sama rana tana faɗuwa, sunan ƙungiya da harufa masu lanƙwasa. Katin aure sak. Sai na leƙa bayansa, inda rubutun yake. Tabulo. A cikinsa wani tabulo. A cikin wannan wani. Mutumin nan ya ɗauki jadawali, abin da aka yi don jera lissafi a layi-layi, ya mai da shi ginin shafin gaba ɗaya, kowane abu ya cusa shi a gida guda. Kanun magana duk ya mai da su hotuna don harufan su yi kyau. Maɓallin amsa saƙo ma hoto ne marar suna. Na buɗe a wayata, rezo, wato intanet ɗin, ya yi ta juyi, da ya buɗe kuma sai ka ja shi hagu ka ja shi dama kafin ka gama karanta jimla ɗaya.

Na fita wurin Baba na zauna a bakin tabarma.

"Baba, ƙaƙa shafin?"

"An ce ya yi kyau ƙwarai."

"Ban tambaye ka abin da anka ce ba."

Ya lalubo wayar ya miƙo mini. Na cire abin sauraron, na kunna, na shafa yatsa kamar yadda yake yi. Muryar ta fara, ga abin da take faɗi in an juya shi da Hausa:

"Tabulo. Layi na ɗaya, gida na ɗaya. Hoto. Gida na biyu. Hoto. Tabulo. Layi na ɗaya. Babu komai. Hoto."

Da ƙyar ta iso sunan wani mai saye na Ɗan Issa. Maimakon ta faɗi abin da yake so, sai ta tsallaka gidan da ke gefensa ta karanto gaisuwar barka da zuwa, ta sake tsallakawa ta karanto buhunan albasar wata mata daban. Da can Baba da shafa ɗaya yake tsalle daga kan magana zuwa kan magana. Yanzu babu kan magana ko ɗaya da muryar za ta kama.

"Shekaranjiya na kira wata hajiya a Maraɗi," in ji shi a hankali, "na ce zogalenta ya haɗu. Ta ce ita albasa ta ce. Ta tambaye ni ko babu mai ido kusa."

Wallahi sai da na ji maganar nan a ƙirjina.

"Baba, mi ya sa ba ka hwaɗa mishi ba?"

"In ce mi? Yaro ya durƙusa gabana, ya yi mini aiki don girmamawa, in buɗe baki in ce ya ɓata? Huɗar da na yi wa kakanki a Gabi karkatacciya ce, kowa ya gani. Har Ubangiji ya kira shi bai taɓa ce mini komai ba." Ya shafa gemunsa. "Ba komai, ɗiyata. Jibi Asabar akwai taro. Za ni ce wa Sule su nemi wani sakatare. In ce na gaji. Dama shekaru sun ja."

Ku ji fa! Mutumin da ya yi shekara biyu yana kare kujerar nan da kunnensa, zai ajiye ta don kada saurayi ya ji kunya. Raina ya ɓaci, hawaye suka cika mini ido, na gode wa Allah da ba ya ganinsu.

Abin ba wuya gare ni. Ina da kwafin aikina a kile, ɗan filas ɗin da ake soka wa ordinatar, kafin shayi ya huce zan iya mayar da komai yadda yake. Na shiga ɗaki na zaro kilen daga jaka. Mama ta riƙe mini wuyan hannu.

"Kul! Kada ki taɓa."

"Mama, sake ni."

"In kin baje aikin ga, kin ce ba ki son shi ke nan, gaban kowa. Uwarsa ta bi 'yan Zumunta ɗaya-ɗaya tana nuna musu a waya. Matar fasto ta gani. Kin taɓa jin gidan da suruki ya yi noma anka bi bayansa anka sake? Da wane ido za ni dube su ran Lahadi?"

"Mijinki zai rasa kujerarsa jibi, ke kina zancen Lahadi?"

Ta sake ni. Ashe ba ta sani ba, Baba bai faɗa mata ba. Ta zauna a bakin gado tana murza bakin zanenta. Kada ku zage ta a sharhi, Mama ba muguwa ba ce. Tsoronta kada in kai talatin ina gida ina magana da ordinatar.

"To ki bi shi taron ki karanta mishi da bakinki," ta ce. "Daga baya a san dabara."

Daga tsakar gida muryar Baba ta shigo yana kiran Mama da sunanta, ashe yana jin mu.

"Lai'atu, in sai an karanta mini, to mai karantawar shi ne sakatare."

Na dubi kilen, na dubi Mama.

"Na ji. Ba zan baje da hannuna ba yau, ba zan baje gobe ba. Mai noman zai zo ya ga gonarsa. Amma in gari ya waye Asabar muryar ga tana nan tana tabulo-tabulo, zan mayar da nawa, ko dukan Zumunta za su yi zaman makoki."

Na ɗauki waya na rubuta wa Manasse.

"Ka zo gobe da la'asar. Ka taho da ordinatarka."

Nan take ya amsa. "Kin gani? 😍"

"Na gani."

"Shi ke nan? Babu ko ɗan yabo?"

"Sai ka zo."

Ranar Juma'a na yi kwalliya, don faɗa daban, ado daban. Atamfata kore mai ganyen rawaya, riga da siket ɗinkin Maraɗi, ɗan kunne ƙarami, kwalli, da farin gyale. Na share ƙofar gida na fito da kujeru biyu da ɗan tebur. Ya iso cikin shadda ruwan toka mai aikin wuya, takalmi yana ƙyalli duk da hanyar Ɗan Issa, da ledar lemu a rataye a moto. Ya shiga ya gai da su Baba daga nesa, kai a ƙasa, ya fito ya zauna yana murmushin wanda ya ci jarrabawa.

Na bar shi ya yi bayani. Yadda ya yanka hoton tabki gunduwa-gunduwa ya jera kowace a gidanta har ba a ganin mahaɗa. Yadda ya koyi wannan tun yana yaron sibar, lokacin da ni ina firamare. Yadda ya ƙi karɓar aikin katin wasu 'yan biki don ya gama wannan. Aiki ne na gaske, ni na san wahalarsa, kuma yana magana idonsa yana haske. Na ji tausayinsa, amma ban fasa ba.

Na zare gyalena na ninke.

"Rufe idonka."

"Iye? Nan a ƙofar gida?"

"Ba abin da kake tunani ba ne, malam. Matso."

Na ɗaure masa ido. Ina jin motsin Mama a bayan labulen zaure. Na ɗora masa wayar Baba a hannu, na kama yatsansa na nuna masa yadda ake shafawa.

"Akwai wanda ya rubuto yana son zogale. Nemo mini shi, ka gaya mini nawa yake so."

Ya fara da dariya. Muryar ta ce tabulo, ta ce hoto, ta ce babu komai. Ya shafa, ya shafa. Dariyar ta ragu. Ya koma baya, ya ɓace, ya sake farowa daga sama. Wani mai kifi ya wuce a keke yana kallonmu har ya kusa faɗawa kwata. Can Manasse ya fizge gyalen.

"Wayar ce ba ta da kyau."

"Makon jiya lafiyarta lau."

"Amma kowa ya yaba, Jinƙai! Kowa ya ce ya fi na da kyau."

"Ya fi shi kyau, ni ma na ce. Wa ka yi wa?"

Ya ɗaure fuska. "Na riga ki shiga aikin nan fa."

"Ka riga ni, kuma a katin aure ko kusa da kai ban isa ba. Ni ma ban ce tabulo haramun ne ba. Dubi jadawalin farashi, da shi na yi, don lissafi ne mai layi da gida. Amma kai ka gaya wa wayar cewa shafin duka lissafi ne, ita kuma ta yarda da kai."

Na juyo masa ordinatata na buɗe aikina na da. Na nuna masa ga kan shafi, ga hanyoyin shiga, ga cikin magana, kowane saƙo da kansa a sama, kowane hoto da bayaninsa a rubuce. Babu launi ko ɗaya a ciki. Na buɗe ɗaya fayil ɗin na nuna masa inda launi da jeri suke zaune su kaɗai. Ya daɗe yana kallo, yana gangarawa da yatsa.

"Baba da bakinsa ya ce mini ya gode," ya ce daga ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa.

"Zai ce mana. Ko katangar gidan ka rushe masa zai ce ya gode, kai suruki ne. Gobe da safe zai ajiye sakatare, Manasse. Zai ce ya gaji, don kada a ce aikinka ne."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya dube ni, ya dubi ƙofar gidan. Ya rufe ordinatarsa, ya sa a jaka, ya hau moto. Ko sallama bai shiga ya yi ba. Ledar lemun tana nan rataye tana lilo har ya sha kwana.

Mama ta fito, hannu biyu a ka.

"Kin kore shi! Bakin ga naki, Jinƙai, bakin ga naki!"

Na kwashe kujeru na shiga. Ina da gaskiya, na san ina da ita, kuma da za a maimaita haka zan sake yi. Amma tuwon yamman nan bai wuce mini ba, kuma na duba wayata har sai da na ji haushin kaina. Ko alama bai turo ba.

Asabar da safe, bayan addu'ar gida, na ɗauko kilen. Mama tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu, ba ta hana ni ba. Na buɗe shafin don in yi masa kallon ƙarshe.

Fari fat. Baƙin rubutu a kan farar fuska, babu zinariya, babu fure, komai a jere daga sama zuwa ƙasa kamar takardar magani ta dispansar. Muni kam ya yi muni. Na leƙa bayansa da sauri. Tabulo ɗaya ne ya rage, na farashi. Kanun magana sun koma rubutu. Maɓalli ya samu suna. Hoton tabki ya dawo guda ɗaya, a ƙarƙashinsa an rubuta wa muryar abin da za ta faɗa: tabkin Madarumfa da yamma, jiragen masunta biyu, garkar Mushe Kalebu a hannun dama. Ni kaina da na yi nawa, tabki kawai na rubuta.

Sai ga saƙon Manasse.

"Na cire su. Na ɗaure idona da tawul na gwada, yana karantawa daidai. Amma ya zama tsirara, ban san yadda ake masa sutura ba in ba da tabulo ba. In za ki mayar da naki ki mayar, ba zan ji haushi ba."

Wani ya biyo baya.

"Zan ji kaɗan."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye suka biyo ta. Na kai aikinsa ma'aunin ƙa'ida, ya nuna ja a wuri uku: ya buɗe sakin layi bai rufe ba, ya maimaita suna ɗaya sau biyu, irin kuskuren ɗan koyo. Nawa da ke cikin kile ya fi shi tsabta nesa ba kusa ba. Na juya kilen a hannuna, na mayar da shi jaka. Na gyara masa wurare ukun, ya nuna kore. Fayil ɗina na tufafi yana nan a ma'ajiyar shafin, dama bai taɓa shi ba don bai san amfaninsa ba. Na rubuta layi ɗaya tak a saman aikinsa, mai kiran fayil ɗin. Na sabunta shafin. Launukana kore da fari suka sauko, saƙonni suka jeru, a waya komai ya hau kan juna daidai faɗin hannu.

Mama ta leƙo ta kafaɗata.

"Ina zinariyar?"

"Mai ita ya kwashe abarsa."

"To wannan na wa ne? Naki ko nashi?"

"Ƙashin nashi ne, tufafin nawa."

Ta tsaya tana lissafin ko murna za ta yi ko faɗa. Na bar ta a nan na kai wa Baba wayar. Ya sa abin sauraro, ya shafa sau ɗaya, sau biyu. Ya tsaya a wani wuri ya sake saurara, na san hoton ne. Sai ya ce Mama ta ɗauko masa farar rigarsa ta sujada da jar hula.

A ƙarƙashin mangwaron bakin tabki ake taron. Na riƙe shi a gwiwar hannu har kan bencinsa, kamar kullum, don ban da ni da Mama babu wanda Baba ke yarda ya ja shi. Malam Sule ya buɗe taro, fuskarsa babu walwala.

"Mushe Kalebu ya aiko mini cewa yana da magana mai nauyi. Bisimilla, Mushe."

Baba ya miƙe ya gyara hula.

"Maganar da na ce, na baro ta gida. Mu ji saƙonni."

Ya jero su tiryan-tiryan. Hajiyar Maraɗi da albasarta, na Ɗan Issa da zogalensa, wani sabo daga Yamai mai tambayar busasshen tumatir. Ya raba wa kowa nasa, wane kai za ka kawo kaza, wance ke kaza. Malam Sule ya washe baki yana ta "madalla, madalla", har ya manta shi ne shugaba sai da aka tuna masa ya rufe taro. Ni kuwa ina gefe ina jin kaina ya kusa taɓa reshen mangwaro.

Mutane suna watsewa Malam Sule ya sunkuyo kunnen Baba, amma muryarsa ba ta san raɗa ba.

"Kalebu, akwai wani yaro bayan icen ga tun da munka fara. Idonsa ja wur, rigarsa duk ta yamutse. Na ce ya zauna ya ƙiya."

Na waiga. Shaddar jiya ce a jikinsa.

Tun da Manasse ya fara zuwa gidanmu, Baba bai taɓa kama sunansa ba. Yaron ga, ɗan Ɗan Issa, baƙonki, iyakarta ke nan. Ranar nan ya ɗaga murya gaban kowa.

"Manasse!"

Ya taho da sauri ya zube a ƙasa. "Baba, ka gafarce ni, ban sani ba..."

"Tashi."

Baba ya zare gwiwar hannunsa daga hannuna, ya miƙa masa.

"Kai ni gida. Jinƙai, ɗauko bencin ga ki bi mu a baya. Da nisa."

"Baba, ai ni..."

"Da nisa, na ce."

Haka na ɗora benci a ka, ni da kwalliyata, ina bin su ta bakin tabki. Manasse yana tafiya a hankali, yana kauce wa kowane rami, Baba yana magana ƙasa-ƙasa. Na rage tazara, na kasa kunne, iska ta ƙi kawo mini ko kalma ɗaya. Muna daf da kwanar majami'a Baba ya faɗi wani abu. Manasse ya tsaya cak, ya juyo ya dube ni baki buɗe, kamar wanda aka ce wa ya turo magabatansa. Na ɗaga masa gira ina tambayar mene ne. Kafin ya motsa leɓe, Baba ya ja hannunsa suka sha kwana.